Zuwa baftismar jika da ɗinki a jiki: yadda za a je a dawo lafiya

Kwana 26 da yi wa mahaifiyata aiki a ciki, ƙanena ya bugo waya daga Jos ya ce an sa ranar baftismar ɗansa. Ɗan fari ne, kuma sunan marigayi Babanmu za a ba shi. Mama na kishingiɗe a falo, ko tashi ba ta iya yi sai ta juya gefe ta dafa hannun kujera, amma tana jin zancen ta ce, "Ko a kan katifa za ku ɗauke ni, sai na je na ga mijina." Na san ba wasan kaka da jika kaɗai ba ne a bakinta. Mun je daga Kaduna, mun dawo, ɗinki bai motsa ba. Abin da muka yi daidai da wanda muka yi kuskure ne na tattara a nan, don kakannin da ke cikin wannan hali da 'ya'yan da ke jinyarsu.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga farko. Baftismar kanta ba ta gajiyar da kowa: zuba ruwa a goshin jariri sau uku ba ya cin minti biyu. Masu kayar da mai ɗinki su ne hanya, tsayuwa, gaishe-gaishe, rawar godiya, da kunya. Duk shirin da za ku yi, na rage waɗannan ne don ƙarfin da ya rage muku ya kai ku waɗancan mintoci.

Mataki na farko: ku tambayi wanda ya yi aikin, kuma ku tambaye shi dalla-dalla

Kada ku ce wa likita, "Zan iya zuwa coci?" Zai ce e, domin a ransa cocin bayan gidanku ne, awa ɗaya ku dawo. Ku gaya masa gaskiyar tafiyar: awa nawa a mota, wace irin hanya, awa nawa a zaune a kan benci, kwana nawa za ku yi. Sannan ku nemi amsar waɗannan: yaushe za a cire zare, nauyin kilo nawa aka yarda ku ɗaga, an yarda ku durƙusa ko ku sunkuya, da wane magani za ku sha kafin ku fita.

Amsar ta danganta da irin aikin. Wanda aka buɗe masa ciki, ko na ƙaba ne, ko cire mahaifa, ko na hanji, yawanci ana cire masa zare tsakanin kwana 7 zuwa 14, amma naman ciki bai gama haɗewa a lokacin ba. Shi ya sa likitoci da yawa ke hana ɗaga abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5 har sati 6. Ku auna da wannan: jariri ɗan wata biyu ya kai wajen kilo 5, ga shi yana motsi, yana banƙarewa. Wanda aka sauya masa ƙashin ƙugu ana yawan hana shi zama a ƙaramar kujera, harɗe ƙafa, da lanƙwasa ƙugu sosai na makonni. Wanda aka yi wa gwiwa, durƙuso ne abokin gabarsa. Mai aikin yanar ido jikinsa garau yake, shi ne ma ya fi saurin mantawa; ƙura, hayaƙin murhu, murza ido da ruwa su ne nasa haɗarin. Dattijon da aka yi wa aikin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya tambaya ko za a cire robar fitsari kafin ranar, in kuwa ba za a cire ba, ya nemi ƙaramar jakar da ake ɗaurawa a cinya a ƙarƙashin wando.

Akwai wani aikin ido da ba kowa ya san dokarsa ba. Idan an gyara bayan ido aka cusa iskar gas a ciki, ba a hawa jirgin sama, ba a kuma hawa wuri mai tudu sosai har sai iskar ta baje, domin tana kumbura idan an yi sama, ta matse idon. Jos tana sama da mita 1,200, kuma mai zuwa ta Akwanga sai ya hau Hawan Kibo. Wanda aka yi masa irin wannan aikin ya faɗa wa likitansa sunan garin da za shi, ba "tafiya" kawai ba.

In likita ya ce a'a, to a'a ce. Ba a neman likita na biyu a cikin 'yan uwa.

Mataki na biyu: ku san irin baftismar, ku zaɓi abin da kuka je gani

A Katolika, Angalikan da Lutaran ana yi wa jarirai baftisma. A ECWA, Baftis da EYN sai yaro ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, a nutsar da shi a ruwa. Jariri kuwa miƙa shi ake yi ga Ubangiji a cikin sujada. Bambancin yana da amfani ga mai ɗinki. Idan jikan naku saurayi ne ko budurwa kuma a rafi za a yi, ku tambaya yadda gangaren yake. Gaɓar rafi tana da santsi da duwatsu, mutane kuma suna turereniya don su gani. Ku sa a ajiye muku kujera a sama inda ƙasa take a miƙe, ku kalla daga can. Ruwan rafi kada ya kusanci ciwon. Majami'un cikin gari da dama suna da kwarmin baftisma da aka gina a harabar, wannan ya fi sauƙi.

Mu 'yan Katolika ne, kuma a cocin ƙanena an raba abin biyu kamar yadda ake yi a wurare da yawa: baftisma ranar Asabar da safe tare da sauran jarirai, godiya kuma ranar Lahadi a cikin Mas. A nan muka yi gardama da Mama. Ita tana son duka biyun, domin ranar Lahadi ce ake fitowa da anko, a yi jerin gwano da rawa zuwa bagade, 'yan Zumuntar Mata su rako. Na ce mata, "Mama, ku zaɓi ɗaya. Asabar awa ɗaya ce, mutane kaɗan ne, za ku ga an zuba masa ruwa. Lahadi awa uku ce, ga tashi ga zama." Ta yi shiru, can ta ce, "To ai shi na zo gani, ba su ba." Ni a ganina wannan shawarar ce ta fi kowace amfani a duk tafiyar.

Ku sa iyayen yaron su je wurin Fada, Fasto ko katikis tun da sauran kwanaki. Abubuwan da za su roƙa ƙanana ne kuma ban taɓa jin an hana ba: kujera mai hannu da majingina a gefen layin gaba, kusa da ƙofar gefe, a bar mota ta shigo har bakin ƙofa, a fara da jaririnku idan suna da yawa. Su duba matakala nawa ne a ƙofar, da inda bayan gida yake, na zama ne ko na tsuguno. Wannan na ƙarshen mutane suna jin nauyin tambayarsa, alhali shi ne zai iya ɓata ranar gaba ɗaya.

Idan sauran sati ɗaya ko biyu ne ku warware, ku tambaya ko za a ɗaga ranar. Dokar Katolika ta ce iyaye su kai jariri baftisma cikin makonnin farko, don haka ba a son jan abin da nisa, amma ɗaga sati biyu ga jariri mai lafiya magana ce da za a iya yi da Fada. In kuma ku aka zaɓa uba ko uwar baftisma, wanda dokar ta yarda kaka ya zama, ku faɗa tun wuri cewa a zaune za ku amsa tambayoyin.

Mataki na uku: ku naɗa mai cewa a'a

Zumunta a ƙafa take, haka ne, amma kunya ta fi gajiya kayar da tsofaffinmu. Kaka ba za ta iya ce wa surukarta "kada ki rungume ni" ba. Ba za ta iya ƙin tashi ba idan babbar yayar mijinta ta shigo. Don haka ku zaɓi mutum ɗaya, ɗa ko 'ya ko babban jika, wanda ba shi da wani aiki ranar sai ku. Ba mai raba abinci ba, ba mai ɗaukar hoto ba. Shi zai riƙe jakar magani, shi zai tsaya a ɓangaren da ɗinkin yake, shi zai tari masu tahowa da hannu buɗe ya ce, "Sannunku da zuwa, an yi wa Mama aiki, a gaisa da hannu." Wanda zai ji haushi ya ji haushinsa shi. Ni na yi wannan aikin, kuma har yau akwai gwaggon da take kirana soja.

Mataki na huɗu: hanya

Nan ne haɗarin da ba a gani yake. Bayan tiyata jini yana saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa, musamman makonni 6 na farko, kuma doguwar zama wuri ɗaya tana ƙara shi. Idan gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kisa. Maganinsa motsi ne. Ku tsaya duk bayan awa ɗaya ko ɗaya da rabi, a wurin da jama'a suke kuma da rana, ku fito ku taka na minti biyar. A cikin mota ku riƙa ɗaga yatsun ƙafa sama kuna mayarwa ƙasa kamar mai taka keken ɗinki. Ku sha ruwa. Tsofaffi suna ƙin shan ruwa a hanya don gudun fitsari, wannan kuwa kuskure ne babba. Gara a tsaya sau biyar. Idan likita ya ba ku safar matse ƙafa ko maganin tsinka jini, ranar tafiya ba ranar tsallakewa ba ce.

Motar haya da ake cusa mutum huɗu a baya ba taku ba ce. In babu motar gida, ku ɗauki shata, ko aƙalla ku biya kuɗin kujerar gaba gaba ɗaya. Acaɓa babu shi a lissafi, Keke Napep ma yana jijjiga ciki fiye da yadda kuke tsammani. Ku tura kujerar baya, ku fara zama da mazaunai sannan ku shigo da ƙafafu tare. Ku ɗaura bel, ku sa ƙaramin matashi tsakaninsa da ciwon. Wannan matashin kada ya rabu da ku duk tafiyar: idan tari, atishawa ko dariya ta zo, ku danna shi a kan ɗinkin. Ku gaya wa direba tun kafin ya tayar da mota cewa ba sauri kuke ba, ya bi ramuka a hankali.

Baba, in ku ne mai ɗinkin, ku ba yaro makullin. Wanda ba zai iya taka birki da ƙarfi ba tare da ya ji ciwo ba, ko yana shan maganin da ke sa barci, bai isa tuƙi ba tukuna.

Ku isa kwana ɗaya kafin ranar, ku dawo kwana ɗaya bayanta. Mu mun tashi Juma'a da hantsi, muka isa da la'asar, Mama ta kwanta ba ta ga kowa ba sai jaririn. Inda muka yi kuskure shi ne masauki. Mun sauka a gidan ƙanena, gidan da ake soya nama har tsakar dare, baƙi na shiga suna fita, katifar kuma a ƙasa take. Tashi daga katifar ƙasa da ɗinki a ciki azaba ce. Sai da mutum biyu suka kama ta. Washegari muka koma gidan maƙwabta mai gado. Ku tambayi gado tun kuna gida. In lokacin hunturu ne ku tafi da rigar sanyi da abin rufe hanci, domin sanyin Jos da ƙura suna kawo tari, tari kuwa shi ne abin da ɗinki ya fi tsana.

A jaka: duk magunguna a cikin kwalayensu, takardar sallama daga asibiti, bandeji da filasta na canji, lambar wayar likita ko nas, ruwa, da ɗan abin taɓawa.

Mataki na biyar: safiyar ranar

Ku tashi da wuri don kada a yi gaggawa. Ku duba ciwon da haske, ku canja bandeji da hannu wankakke. Ku ci abinci. Mai ciwon suga musamman kada ya sha magani ko ya yi allura ya fita da wofin ciki da sunan za a ci a wurin biki. Abincin biki ba ya zuwa kan lokaci. 'Yan Katolika masu damuwa da azumin awa ɗaya kafin karɓar Tarayya Mai Tsarki su kwantar da hankali: ruwa da magani ba sa karya shi, kuma dokar ta sauke shi ga tsofaffi da marasa lafiya.

Maganin ciwo ku sha shi kamar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ku fita, kada ku jira ciwon ya taso. Farasitamol ga babba ƙwaya 2 ne masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Tsoho maras nauyi ko mai ciwon hanta nasa bai kai haka ba. Magungunan mura da yawa suna da farasitamol a ciki, ku lissafa da su. Tiramadol da kodin suna sa jiri da barci, suna kuma ɗaure ciki, kada ku fara gwada su a ranar. Ibufurofen da dikilofenak ba sa haɗuwa da maganin tsinka jini ko gyambon ciki sai da izinin likita. Kuma ku sani magani yana rufe bakin ciwo ne kawai. Jin sauƙi da ƙarfe goma ba ya nufin an warke.

Sai tufafi. Ɗaurin zani yana sauka daidai kan ɗinkin ƙasan cibiya, mata kuma sun saba tamke shi. Mama ta so ta ɗaura zanin anko, muka kai wa tela ya mayar da shi doguwar riga mai faɗi; ta yi mita, amma ta sa. Maza su bar bel, su sa wando mai mazagi a sassauce. Takalmi maras tudu mai kama ƙafa, ba silifas mai santsi a kan tayil ba. Sanda kuma ba abin kunya ba ce. Tana ma yi muku magana: wanda ya ga sanda ba ya faɗo muku da gudu.

Mataki na shida: a cikin coci

Ku shiga kafin jama'a, ku fita bayan sun watse. Idan an tashi ku zauna, idan an durƙusa ku zauna ku sunkuyar da kai. Babu cocin da ke ɗora wa maras lafiya durƙuso, kuma ana iya kawo muku Tarayya har kujera idan an gaya wa masu hidima. In zaman ya wuce awa ɗaya, ku fita ta ƙofar gefe ku ɗan taka ku dawo.

Riƙe jariri shi ne abin da kuka zo yi, don haka ku yi shi da tsari. Ku zauna sosai, bayanku a jingine. A ɗora matashin a cinyarku. Uwar yaron ta sa muku shi a kan matashin, ita kuma za ta ɗauke shi. Ba ku za ku miƙa hannu ku karɓa ba, ba ku za ku ɗaga shi ku mayar ba, ba kuma za ku tashi tsaye da shi ba ko don hoto. Masu hoto su zagayo bayanku. Goyo kuwa a manta da shi har sai likita ya sake ku, haka wankan jariri da duk hidimar jego da kaka ta saba yi.

Da aka gama, aka sa wa yaron farar riga, aka kunna kyandir, surukarmu ta durƙusa a gaban Mama ta sa mata shi a cinya. Goshinsa na ƙyalli da man da Fada ya shafa masa, ƙamshinsa na tashi. Mama ta sa babban yatsa ta yi masa alamar gicciye, ta kira shi da sunan Baba a hankali, ta ce, "Ka ga wahalar da ka ba ni, maigida? Ko kuɗin cefane ba ka bayar ba." Wajen minti goma ya yi a hannunta. Na ga kafaɗarta ta fara sauka, na yi wa uwar ido ta ɗauke shi.

In kun zaɓi ranar godiya, rawar fa? Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku ba jika ambulan ɗin baikonku ya kai, ku kaɗa hankici daga kujera.

Mataki na bakwai: wurin cin abinci

Ku sa wa kanku awa ɗaya, mai cewa a'a ya riƙe agogo. Ku zauna a inuwa, nesa da lasifika da hayaƙin girki, a kujera mai tsayi. Ku ci kaɗan daga abin da cikinku ya riga ya saba da shi tun bayan aikin: gwate, kunu, tuwo mai laushi, farfesu maras yaji sosai. Soyayyen nama da lemon kwalba mai gas suna kumbura ciki. Mai suga ya tambaya kafin ya sha zoɓo ko kunun zaƙi. Giya da burkutu ba sa haɗuwa da maganin ciwo. Kuma za a kawo muku shawarwari: wannan ta ce a shafa kaza a kan ɗinkin, wancan ya ce ga jiƙon da ya warkar da ƙaninsa. Ku ce kun gode, kada ku shafa, kada ku sha.

Wanda ke mura ko tari ya gaishe ku daga nesa. Jaririn ma hakan ya fi masa.

Alamomin da ba a jira a gama biki

Ku nemi asibiti mafi kusa tun ranar da kuka isa, ku san hanyarsa. Ku tafi nan take idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya soke, ko an tofar da jini. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa na ciwo da zafi. Idan ɗinki ya buɗe, ko jini ya jiƙa bandeji bai tsaya ba. Idan zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ko ciwon ya yi ja yana fitar da mugunya. Idan amai ya ƙi tsayawa, ciki ya kumbura, iska ma ba ta fita. Idan fitsari ya tsaya ko ya zo da gudajen jini. Idan idon da aka yi wa aiki ya kama ciwo ko gani ya ragu. Zazzaɓi bayan tiyata kada a ce maleriya ce kawai a sayi magani a kemis, a je a duba ciwon.

In kuwa likita ya hana tafiyar tun farko, a sa jika ɗaya ya tsaya kusa da wurin baftismar da waya mai caji da data, ya kira ku ta bidiyo a WhatsApp, a gwada kiran tun ana gobe baftisma. Ku aika da farar rigar ko kyandir ɗin daga wurinku. Bayan sati biyu su kawo muku yaron gida, ku riƙe shi ba mai ƙirga muku minti.

Mama ta yi barci tun daga azahar ɗin Asabar har magariba. Ranar Lahadi, da su ke can suna rawar godiya, tana kan gado da shayi, ina duba ƙafafunta biyu ko ɗaya ta fi ɗaya. Litinin muka kamo hanya, muka tsaya a Saminaka ta taka, ta sayi doyar da ta san ba ita za ta ɗauka ba. Laraba na kai ta asibiti aka duba ɗinkin.